Robar Maganinka Ta Yi Nauyi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Mai sunan Malam,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Zariya lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutanen daji, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki, Ya sa ka fara karatun malantar nan a sa'a. Da gangan na cusa ta ƙarƙashin ƙullin dambun nama, don na san ko ba ka taɓa komai a akwatin ba, shi za ka kwance tun kafin ka cire takalmi.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna. Tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, ga kuma sunan surukina a kanka, kunya biyu ke nan. Ban taɓa kiran sunanka ba, kai ma Yaya kake ce mini, domin Innarka tana ƙauyen Zakka, ita da ta haife ni ta kuma karɓe ka tun daga yaye. Haka muka taras ana yi, haka na yi, har ana yaba mini a gidan biki. To yanzu ga magana ta taso, na kasa faɗa maka ido da ido. Takarda dai ba za ta dube ni ba, shi ya sa na ari biron ƙanwarka Hadiza.

A satin da za ka tafi na shiga share ɗakinka. Na ɗaga robar maganinka da ke bayan tulin littattafai don in share wurin, sai na ji ta da nauyi. Rana ɗaya aka ba mu ni da kai, tawa ta kusa kai gindi, taka kuwa kamar jiya aka buɗe ta. Hannun da ya yi shekaru yana ɗaga robar nan ba ya bukatar ƙirga. Na kira ƙanwarka na tsare ta, ta yi ta zille-zille, daga baya ta ce, "Ya ce kar in gaya miki. Wai yau ya sha, gobe ya tsallake. Wai tunda masu aiko da maganin sun fara janye hannu, gara ya tara na ranar da za a ce babu." Na zauna a bakin katifarka. Da ka shigo da yamma na dube ka, abin da bakina ya iya fitarwa shi ne, "Ga tuwo can a rufe."

Na san ba wauta ce ta sa ka ba, tunani ne, kai da ma tun kana ƙarami mai ajiya ne, alewa ma sai ta narke a aljihunka. Amma irin wannan tunanin ne ya kai babanka kabari, kuma daga wurina ya fito. Don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, ko da ranka zai ɓaci.

Bari in fara da kunnenka na hagu, wanda ba ka ji da shi sosai. An ce maka ruwa ne ya shiga kana wanka a rafi. Ba ruwa ba ne. Ina da cikin Hadiza na je awo, aka ɗebi jinina, malamar asibitin, Hajiya Rabi, mai faɗan tsiya amma mai zuciyar kirki, ta tura ƙofa ta gaya mini ina ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. A lokacin ko sunan ciwon ba a kira a Batsari, sai dai a ce wane ya kwaso kabari kusa, kowa ya janye tabarmarsa. Kafin in gama kuka ta tambaye ni ko ina da wasu 'ya'ya. Na ce akwai wani yaro can wurin tsohuwata. Ta ce, "Wani yaro? Naki ne ko na maƙwabta?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ya sha nononki?" Na ce ya sha. Ta ce, "To ki kawo mini shi ranar kasuwa mai zuwa, kar ki wuce."

Ban kawo ka ba. Na hau babur na je Zakka, na same ka zaune a gindin rumbu, wuya kamar zare, kunne yana zubar da mugunya, Inna tana ɗiga maka man shanu mai ɗumi. Na gaishe ta, na gaida kowa na gidan, har lafiyar awaki na tambaya, ban tambayi jikinka ba, domin uwa ba ta tambayar jikin ɗan fari a gaban mutane. Da na yi ƙarfin hali na ce ko za a ba ni yaron nan in kai shi asibiti, Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yo ke mi ya haɗa ki da shi? Yaushe kika fara rashin ta ido? Shawara ce, ana ba shi saiwa." Matan gidan suka yi dariya, ni ma na taya su, na koma kan babur na dawo gida. Damina ta kankama, hanya ta lalace, na samu abin fakewa. Sai da kaka ta yi, zazzaɓi ya kwantar da kai har ba ka iya ɗaga kai, sannan Inna da kanta ta goyo ka ta kawo. Aka ga ƙwayar a jininka, aka ɗora ka kan magani. Allah Ya tsirar da ranka, kunnen kuwa ya riga ya tafi. Duk lokacin da na ga ka juya ɓangaren dama don ka ji abin da ake faɗa, zuciyata sai ta yi mini zafi.

Ban ce ka zubar da kunya ba, ita ce adon ɗan mutunci, kuma ban haifi marar ta ido ba. Amma ka bar ta a bakin ƙofar asibiti. Da ka isa, tun kafin ka san teburin mai shayin da ya fi arha, ka san inda ake ba da maganinmu. Ka kai kanka, ka faɗi sunan ciwon da bakinka, ka zauna a benci ko da wanda ke kusa da kai ɗan ajinku ne. In ya gan ka ai shi ma ba kallon ƙwallo ya zo ba.

Sai maganar babanka, Allah Ya jiƙansa. Ba ka san shi sosai ba, kana Zakka ya rasu. Mahauci ne mai tsafta, teburinsa a kasuwar Batsari ba ya kai la'asar da nama. Da na gaya masa abin da aka gani a jinina bai doke ni ba, bai sake ni ba, kamar yadda aka yi wa wasu matan da na sani. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah Ya rufa mana asiri." Ba mu taɓa zama mun binciki ta wajen wa ta shigo ba, kai ma kada ka ɓata ranka da wannan bincike, ba ya warkar da kowa. Ya je Katsina a ɓoye aka gwada shi, aka ce yana da ita. Amma layin karɓar magani ya ce ba da shi ba. Ya ce mini, "Ki duba fa. Ni da wuƙa nake aiki, kullum hannu cikin jini. Ran da mutum ɗaya ya gan ni a layin nan, wa zai ƙara tsayawa a teburina? Da mi zan ci da ku?" Na san ciwon ba ya bin nama, an yi mana bayani, amma kuma na san mutanen kasuwa, sai na ƙyale shi.

Duk tsawon cikin Hadiza da shayar da ita ban tsallake shan magani ko sau ɗaya ba, shi ya sa ta fito fes, babu komai a jininta. Bayan na yaye ta ne babanka ya fara ramewa, ga tari, ga rigarsa tana yi masa yawa. A wancan lokacin maganin sau biyu ake sha, safe da yamma. Sai na yi dabara irin ta matar kirki. Ni da ban taɓa dama fura na sha ni kaɗai ba, ban taɓa cin tsoka ban ajiye masa ba, ta yaya zan riƙa haɗiyar lafiya yana zaune yana kallo? Na riƙe na safe, na ba shi na yamma. Ina miƙa masa da kofin ruwa bayan ya dawo daga masallaci, ina jin daɗi a raina cewa lada nake samu.

Da farko har ya murmure, ya koma kasuwa, na ce alhamdu lillahi ashe da ma ya isa mutum biyu. Hajiya Rabi tana tambayata ko ina sha daidai, ina cewa daidai. Roba tana ƙarewa a kan lokaci, ba ta da abin kama ni da shi. Daga baya tarinsa ya dawo, ni ma na fara jiri, har ran da na faɗi a bakin murhu aka kwashe ni. Gwaji ya nuna maganin ya daina yi mini aiki. Ta tsare ni sai da na faɗi gaskiya. Matar da ke faɗa a kan makarar minti kaɗan, ran nan ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Ta ce, "Baiwar Allah, rabin magani ba rabin lafiya ba ne. Koya wa ƙwayar nan kika yi. Kin ba ta abin da bai isa ya danne ta ba, ta saba da shi, yanzu ba ta jin tsoronsa, a jikinki da jikin maigidanki duka. Ki aika a kawo shi yau."

An kawo shi a kwance a bayan mota. Bai daɗe ba. Har yau a kasuwa ana cewa tarin fuka ne ya kashe shi, abin da ya ji wa tsoro bai same shi ba, wani ne dai yake yanka a teburinsa. Ni kuma aka sauya mini wani magani mai ƙarfi mai tayar da ciki, wanda nake kai har yanzu, aka kuma gaya mini bayansa abin da ya rage kaɗan ne, shi ma sai a manyan asibitoci. Da na yi masa rowa, da na ƙi shi, da na yi masa rashin kunya na ja shi zuwa layin nan, wataƙila da shi ne zai raka ka tasha. Na yi kukan wannan har na gaji, ban kuma gama ba.

To ka duba robarka. Abin da na yi shi kake yi, sai dai ni da mijina na raba, kai kuwa tsakanin yau da gobe kake rabawa. Ranar da kake wa ajiyar, in ta zo, za ka buɗe roba cike da ƙwayoyin da ba su da sauran amfani a jikinka. Ina roƙonka kada ka ci gaba da sha a ɓoye kamar ba abin da ya faru. Ka gaya wa likitan can cewa ka yi ta tsallakewa, ka faɗi tun yaushe, a ɗebi jininka a duba. In zai yi faɗa ya yi, ni an yi mini shiru kuma na san wanda ya fi ciwo.

Akwai kuma ƙaryar da muka yi maka. Shekara da shekaru muna ce maka maganin kunne ne. Da zaman Zakka ya yi wuya saboda 'yan bindiga aka dawo da kai wurina, ka girma, ka iya karatu, ka duba sunan da ke jikin robar a wayar abokinka. Ina tuƙa tuwo ka zo ka tsaya a kaina ka ce, "Yaya, maganin nan na mene ne?" Na san ka riga ka sani, so kake ka ji daga bakina. Ban ɗago ba, na ci gaba da juya muciya, na ce, "Ka tambayi Inna." Ka juya ka fita. Daga ranar ka daina tambayata komai. Shi ya sa da tsoro ya kama ka bana ba ni ka gaya wa ba, ƙanwarka ka gaya wa, ban kuma ga laifinka ba.

Wata rana za ka ga yarinyar da ta kwanta maka, ai ba dutse ba ne kai, na ga yadda kake daɗewa a gaban madubi. Ka gaya mata da bakinka tun kafin magana ta kai ga manya. Kada ka aika aboki, kada ka bari takardar gwajin aure ta faɗa maka. In ta gudu, za ka ji ciwo, amma ciwon zai wuce. In ta tsaya, likitoci sun ce wanda ke shan maganinsa daidai har ƙwayar ta kwanta ba ya sa wa matarsa, kuma 'ya'yansu su fito lafiya. Ba sai ka yarda da likita ba, ka dubi Hadiza, da cin abincinta da bakinta. Ran da ɗanka ya tsaya a kanka da tambaya, ka ajiye abin da ke hannunka ka dube shi.

Yanzu maganar tsoronka. Ba zan ƙara maka ƙarya ba, wadda na yi ta isa. Ni ma na ji a rediyo cewa masu taimakawa daga ƙasashen waje sun rage hannu. Na ga lokacin da aka ba mu na wata ɗaya maimakon na watanni, na ga an sallami matan da ke bin gida gida suna tuna wa mutane ranar asibiti. Maganin nan ba a gonakin Batsari ake noma shi ba. Daga nesa yake zuwa, da dukiyar mutanen da ba su san sunan garinmu ba, kuma duk wanda ya daɗe yana bayarwa wata rana zai gaji. Ciwon ne ban ga alamar gajiyarsa ba. Ƙasashen masu hali za su manta da shi, mu talakawa za a bar mu da shi shekaru masu yawa. Ni dai na san ba zan ga ƙarshensa ba. In ka dubi bencin asibiti yanzu za ka ga mu da muka yi furfura a kansa, ga ku da aka haifa da shi kun zama samari, ga kuma sababbi, 'yan mata ƙanana da ba su ga zamanin da ake ɗaukar gawa ana toshe hanci ba, suna zaton labari ne ya wuce. Su ne ke sa ni hawaye, domin ba wanda ya zaunar da su, kamar yadda ban zaunar da kai ba.

Amma na ga wani abu da idona da nake so ka riƙe. Lokacin da mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin Batsari, hanya ta zama abin tsoro, waya ma ba ta shiga, na haɗu da wata tsohuwa daga ƙauyen Yasore, Gwaggo Asabe. Shanunsu sun tafi, rumbunsu ya ƙone, abin da ta fito da shi kawai robar maganinta ce ƙulle a gefen zani. Ita ce ta tara mu, mu matan da muka san juna a benci, ta ce, "Ku ji nan, ɗiyana. Kowa ta shiga mota ita kaɗai zuwa karɓo magani, wata rana ba za ta dawo ba. Mu yi shi kamar adashi." Haka muka yi, da yardar asibiti. Wannan karon wance ce za ta je ta karɓo wa kowa, karo na gaba wata. Duk tsananin nan babu wadda ta tsallake a cikinmu. Waɗanda muka rasa a lokacin su ne waɗanda suka ɓoye har babu wanda ya san a karɓo musu.

Don haka in ajiya kake so, ka tara mutane. Ka nemi irinmu a can, suna nan, babu garin da babu su. Ka san gidajensu, su san ɗakinka. Ranar da za a ce babu, ban san ko za ta zo ba, Allah kaɗai Ya sani. In ta zo, gara ta same ku da ƙarfinku, ku da yawa, ku je ƙofar masu mulki ku ce ga mu, 'yan ƙasa ne mu, a saya mana da arzikin ƙasarmu. Kai da za ka tsaya gaban allo ka fi ni bakin faɗa, za ka kuma samu yaran da za ka gaya wa abin da ba a gaya mana ba. Wanda ciwo ya kwantar ba ya zuwa ƙofar kowa, na ga babanka.

Ka riƙa cin abinci, kada ka ce garin kwaki ya isa. In azumi ya zo ka tambayi likita yadda za ka mayar da lokacin sha, kada ka yanke wa kanka. Kada ka ɓare takardar jikin robar don kunyar abokan ɗaki. Ka riƙe salla. Dambun kuma ka ɗan ba maƙwabta, shi ne abin da ake rabawa.

Saura abu ɗaya. Ranar da aka raɗa maka suna ina ƙuryar ɗaki na lulluɓe fuska, mata suna tsokanata, ina yi kamar ban ji ba. Na ji. Na sha faɗinsa a zuciyata ina sujada, ban dai taɓa bari ya fito ba. Hajiya Rabi ta tambaye ni ko nawa ne ko na maƙwabta, na kasa amsa mata, kuma shirun nan ya ci kunnenka. Ba zan bari ya ci sauran ba. Ko Inna ta ji ta ce na lalace, na yarda.

Idrisu. Idrisu ɗana, nawa ne kai, ni na haife ka. Ka sha maganinka yau, ka sha gobe, ka sha jibi. Na binne miji, ba zan iya binne ka ba. In ka dawo hutu zan shiga share ɗakinka, zan kuma ɗaga robar, ina so in ji ta sakayau.

Hadiza tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata tona asiri. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka lafiya mai ɗorewa da tsawon rai, Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, Ya jiƙan babanka da duk waɗanda wannan ciwo ya ɗauke, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Amin.

Wassalam.

Wadda kake ce wa Yaya,
Mahaifiyarka.